Randar da Na Sa Ta Kalli Bango

Shekaru sun ɗan ja, amma ban taɓa iya mantawa da ranar da na sa randar Inna Hajo ta kalli bango ba. Duk sabon ma'aikacin da aka kawo mana sai ya ji labarin daga bakina, kafin wani ya riga ni ba shi da ƙarin gishiri.

Ina aiki a zauren baje kolin sana'o'in hannu na garinmu, Birnin Konni. Kowace shekara cikin bazara mukan tara sababbin ayyukan dukawa, masaƙa, maƙera, masu zanen ƙwarya da magina tukwane daga Konni, Malbaza da Illela. Ba kayan kakanni muke nema ba, abin da hannu ya ƙago bana muke so. Ƙa'idar kuwa ita ce: mai sana'a ya kawo kayansa kwana biyu kafin buɗewa, mu rubuta sunansa da garinsu, mu liƙa lamba. Ranar buɗewa da safe wakili daga Tawa, babban birnin jiharmu, zai zagaya zauren, ba mai kaya ko ɗaya a ciki don kada a yi masa magiya, ya zaɓi abu guda daga kowane sashe wanda za a kai babban baje koli na jiha. Bayan la'asar ya sa hannu a takarda. Daga nan ba gyara.

Ina cikin shekarata ta biyu shugabanmu, Mushe Idi, ya damƙa mini sashen yumɓu ni kaɗai. A lokacin littattafan soyayya da ake shigo da su daga ƙetaren iyaka sun gama da ni. Na san kowane falo da ke cikinsu, da labulensa da furanninsa da ƙamshinsa. Tun daga ranar da aka ba ni sashen nake ganin wakilin nan a zuciyata: dogo, cikin farar shadda, ya tsaya cak a gaban kayana, ya juyo a hankali ya ce, "Wace ce ta tsara wurin nan?" Har amsar da zan ba shi na tanada, da yadda zan sunkuyar da kai.

Inna Hajo ta sauka daga motar haya da hantsi, daga wani ƙauye na ƙasar Dogarawa. Dattijuwa ce ƴar siririya, hannuwanta duk sun yi kanta. Randar tana naɗe cikin ciyawa da tsohon zane, kuma ba ta yarda kowa ya kama mata ba. Da ta kwance ta, sai na matso kusa ina kallo. Ja ce kamar rana in za ta faɗi, da zanen fari a wuya, baki ɗan ƙarami da murfi wanda ya zauna daram. Sai idona ya sauka ƙasa, na ga kan famfo na roba, shuɗi, a manne a gindinta. Na nuna shi da yatsa.

"Inna, wannan fa?"

"Shi na kawo, ɗiyata. Randar rakiya ta yo mishi."

Ta zauna bisa benci ta ba ni labari. Jikokinta sun sha ciwon ciki, a asibiti aka ce mata daga moɗa ne, kowa ya tsoma hannunsa cikin ruwa. Shi ne ta ƙudura gina randar da hannu ba ya shiga. Rani biyu tana fama. Yumɓu yana tsukewa in ya sha wuta, ramin famfon ko dai ya matse ko ya yi yoyo, ta fasa ta sake. Matan da suke gini tare da ita kuwa sun gaji, tunda jarkar roba ta cinye musu kasuwa, suna so su koma aikin albasa a gonakin wasu.

"Na ce musu su ba ni bana kawai. In wagga randa ta tahi Tawa, su zamna mu ci gaba. In ba ta tahi ba, ni da kaina ni ka raka su gonar albasa, in rufe ramin ƙasa." Ta kama hannuna. "Ki cika ta da ruwa tun da marece, ki aje ta inda iska ka bi. Kin jiya?"

"Na ji, Inna."

Kunnena ya ji. Zuciyata kuwa tana can wurin farar shadda.

Jajibirin buɗewa na tsaya ina kallon randar. Na ce wa kaina ruwa zai jiƙa daɓe ya ɓata wuri, famfon nan kuma kamar ƙurji ne a fuskar amarya. Taimakonta zan yi. Na ja ta zuwa kusurwar da ta fi haske, na juya famfon ya fuskanci bango. Ƙarfen da muka ɗora ta a kai na lulluɓe shi da farin leshi. Na cire murfin na ɓoye, na cusa jajayen furannin roba a bakinta. Wallahi ta yi kyau. Na koma gida ina jin kamar ba a ƙasa nake tafiya ba.

Washegari da ƙarfe tara motar jiha ta iso. Wakilin da ya fito ba dogo ba ne, ba namiji ba ne ma. Wata mata ce kakkaura, Madan Salamatu, da tabarau da ciwon kai, tana fifita da fayil saboda wuta ta ɗauke tun asuba. Ta bi sashen fata, ta bi na saƙa, ta iso nawa. Ta dubi randar daƙiƙa biyu.

"Randa kamar kowace randa," ta ce. "Furannin ne sababbi?"

Ta rubuta lambar wata tukunyar ado mai fenti da ke gefe, ta wuce. Ko sunana ba ta tambaya ba.

Ƙarfe goma da rabi Madan ta tafi duba wasu masaƙa a Malbaza, aka buɗe wa masu kaya ƙofa. Inna Hajo ta shigo da sabon zanenta. Ta nemi randarta ba ta gane ta ba, sai da na nuna mata. Ta leƙa bayan randar, ta ga famfon a manne da bango. Ta zare furannin ɗaya bayan ɗaya, ta miƙo mini, ta zura hannu ta shafa wuyan daga ciki. Busasshe ƙayau.

"Mi ta yi miki, ɗiyata, kinka sa ta kallon bango kamar yaron da bai iya karatu ba?"

Na rungume furannin a ƙirjina. Ta ƙara tambaya:

"Matar ta gani?"

"Ta gani, Inna. Ba ta... wata ta ɗauka."

Ba ta yi faɗa ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Cewa ta yi, "Tau. Ina ciyawata?" Ta fara warware tsohon zanen da ta naɗo randar da shi.

Na ruga buro, ofishin shugabanmu, hawaye masu zafi suna bin kumatuna, na faɗa wa Mushe Idi komai ban rage ba. Ya cire hularsa ya aje bisa tebur.

"Ramatu, zauren baje koli na ba ki ko ɗakin amarya?"

"Mushe, a taimaka. Madan ba ta sa hannu ba tukuna."

"Ni ba ni roƙon wakili, doka ta hana ni. Amma doka ba ta hana mai laifi ya je ya faɗi laifinsa ba. Sai dai ki sani, in kin faɗa mata, sai ta rubuta, in ta rubuta kuma takardar gargaɗi za ta shiga fayil ɗinki. In kin yi shiru, daga ni sai ke sai tsohuwar. Ki zaɓa."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi tunanin shirun. Ina jiran a tabbatar da ni a aiki a shekarar, gargaɗi kuwa yana iya ja mini jinkiri. Na fito na tsaya a baranda. Ta taga na hango Inna ta durƙusa tana jera ciyawa a gindin randar a hankali, kamar mai shimfiɗa wa jinjiri. Na shiga na durƙusa kusa da ita.

"Inna, ki ba ni zuwa la'asar."

Ta dube ni sama da ƙasa, da leshina da takalmina mai tsini. "Da wagga shiga za ki ɗebo ruwa?"

"Da ita."

"Tau, tuɓe takalmin dai, kar ki hwaɗi ki ce ni ce."

Bokiti huɗu na ɗauko a ka daga famfon bayan zauren, ɗankwalina ya jiƙe, kwalliyata ta bi ruwa. Ita ta zaɓi wuri: ba kusurwa mai haske ba, tsakanin ƙofa da taga, inda iska ke ratsawa. Ta yaye leshin, ta mayar da murfi, ta juyo da famfon ya kalli duk mai shigowa. Wani baduku da ke kusa ya ce, "Inna, yau kin samu ƴar aiki mai turare." Ta ce, "Bari dai, ta gwamnati ce, aro aka ba ni." Zaure ya kwashe da dariya, ni ma na yi, ina share ido.

Daga nan sai jira. Rana ta take, kwanon rufi yana ƙara, jama'a suna shiga suna fita suna fifita. Bayan azahar jikin randar ya fara duhu. Sai wani laushin gumi ya tsattsafo mata ko'ina, jan nan ya ƙara zurfi, zanen wuyan ya fito fes. Na yi zaton jiya na ga kyanta. Ashe ban ga komai ba.

Madan ta dawo bayan la'asar, a gajiye, ta zauna za ta sa hannu. Na tsaya a gabanta ƙafa ba takalmi, na ce akwai abin da na ɓoye mata da safe. Ta saurare ni har ƙarshe, ta cire tabarau.

"Wato ke kika zaɓar mini abin da zan gani."

"I, Madan."

"Kin san zan rubuta?"

"Na sani."

Ta miƙe. Inna ta tara kofi, ta murɗa famfon, ta miƙa mata da hannu biyu. Madan ta kurɓa. Ta runtse ido, ta shanye, ta miƙa kofin a ƙara mata. Sannan ta yi abin da ban zata ba: ta tattare zanenta ta tsuguna, ta yago gefen takarda ta manna a mahaɗar famfo da yumɓu, ta riƙe, ta ɗaga ta duba.

"Ba ya yoyo. Inna, yaya kika yi?"

"Sai da na kashe randa ta hi ashirin, Madan. Ramin sai ki buɗe shi hiye da yadda ido ka so, wuta ita ka gyara sauran."

Suka daɗe a tsugune su biyu suna magana a kan ƙasa da wuta, sun manta da ni sam. Da Madan ta koma tebur ta ja layi bisa lambar safe, ta rubuta ta Inna, ta sa hannu. A ƙasan takardar kuma ta ƙara layi biyu a kaina. Na tausaya wa mai tukunyar fentin, ko da yake ba a kai ga sanar da shi ba, kuma nasa aikin ya tafi a shekarar da ta biyo.

Gargaɗin ya shiga fayil, tabbatarwata ta yi jinkirin wata shida. Inna kuwa ta ƙi yarda a ɗora randar a bayan mota ita kaɗai, sai da aka ba ta kujera ta rakata har Tawa. Ba dukan matan ne suka zauna ba, biyu sun tafi albasarsu. Sauran suna nan suna gini, kuma yau in kun shiga wasu lakwal, wato makarantu, da ɗakunan shan magani na ƙasar Malbaza za ku ga randunansu a bakin ƙofa. In ta zo Konni takan biyo ta nan, ta leƙo ta ce, "Ina mai hure? Yau wa kinka sa kallon bango?"

Har gobe ina karanta littattafaina, ina kuma son wuri ya yi kyau. Amma a aikin nan namu ba mu ne amaren ba. Mutanen da ke kawo mana kaya ba su iya dogon bayani ba, sau ɗaya za su faɗi abin da ke ransu, a gajarce, suna kwance ɗauri. In kun karɓi kayan mutum, kafin ku rubuta lamba, ku tambaye shi wane wuri ne ya fi ba shi wahala. Inda ya ɗora yatsansa, nan za ku juya wa jama'a, ko da shi ne ya fi muni a idonku.