Kaumi, Mai Karɓar Kayan Baƙo

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 12 ga Nuwamba, 2024, da hantsi, Allah ya karɓi ran aminina Malam Kaumi Lawan, tsohon ɗan kamasho a tashar motar Potiskum, a bakin gonarsa da ke hanyar Danchuwa. Ina shago ina auna wa wata mata yadi, sai ɗansa Safiyanu ya kira ni ya ce, "Baffa, jirgi ya kashe Baba." Na ce masa ya nutsu ya sake faɗa. Mutumin da ko Damaturu sai an yi da gaske yake zuwa, ina shi ina jirgi? Ya sake faɗa, ya fashe da kuka. Bayan La'asar aka yi jana'iza a unguwarsu, Dogo Tebo.

Kaumi, ni ba marubuci ba ne, ka sani, kai ma ka sha cewa hannuna almakashi kaɗai ya iya riƙewa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da 'yarka Ummul-Khair ta jiyo a cikin Keke Napep washegarin rasuwarka. Wasu fasinjoji da ba su san ta ba suna hira, wai wani tsoho ya ga jirgin mai kuɗi ya ruga maula, ajali ya same shi a can. Ta shigo gida ko mayafi ba ta cire ba, ta tsaya a gabana ta ce, "Baffa, don Allah faɗa mini gaskiya, roƙo Baba ya je?" Wallahi wannan tambaya ta fi labarin mutuwarka ƙona mini rai.

Ina saurayi mahaifina ya turo ni daga Kano da dilar yadi, ban san kowa a garin nan ba. Kafin in gama sauka daga mota ka riga ka aza dilar a ka. Da ka ji ni Bafulatani ne, kai kuma Babarbare, shi ke nan wasa ya ƙullu. Na ce ai daidai ne bawa ya ɗauki kayan ubangidansa. Ka ce ba bauta ba ce, tausayi ne, don wanda aka raina da nono tsinkakke ba zai kai bakin titi da wannan dilar ba. Na miƙa maka lada, ka harare ni. Gidanku ka wuce da ni, mahaifiyarka ta ba ni tuwo da miyar kuka, na kwana a ɗakinka har na sami haya.

Daga baya na gane ba ni kaɗai ba ne. Ba ka iya ganin baƙo da kaya a hannu ka zauna. Matar da ta kawo mara lafiya daga Mamudo ta rasa motar komawa, ɗan tireda da aka sauke a garin da ba nasa ba, duk gidanka ne masaukinsu. Uwargidanka Fanne takan ce ita ba ta taɓa sanin tuwon mutum nawa take tuƙawa ba sai ta ji sallamarka. Tana faɗa tana tsaki, tana kuma ƙara gari a tukunya.

Doka ɗaya kake da ita a tasha, duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashinka ya haddace ta: mota in tana kunne, ba a bi ta gabanta, a zagaya ta baya. Ni kaina ka taɓa fizgo ni daga gaban tirela har rigata ta yage. Ina masifa kana dariya, kana cewa riga dai za ka iya saya mini, amma in aka taka maka Bafulataninka wa zai ba ka wani? Allah kaɗai ya san rayukan da wannan doka ta tsare.

Da ka bar tasha ka koma noman wake. Bara wani attajiri ya sayi gonar da ke maƙwabtaka da taka, ya share wani wuri ya zuba kankare ya zana da'ira da fenti, nan jirgi mai saukar ungulu yake ajiye shi da baƙinsa. Ba shinge, ba mai gadi, ba kuma wanda ya tara maƙwabta ya yi musu bayani ko sau ɗaya. Duk ranar da aka ji rugugi, sai jama'a su watsar da aiki su yi dafifi suna kallo.

Muhammadu Sani, wanda kuke roron wake tare a ranar, shi ya ba ni labari. Jirgin ya sauka, ba a kashe injin ba don zai sake tashi. Wani dattijo ya fito da jaka a hannu, iska tana neman kayar da shi, babbar rigarsa ta rufe masa fuska. Samarin da suka zo tarbarsa suna can nesa jikin mota, su an gaya musu kada su matso. Kai ba wanda ya gaya maka. Abin da ka gani shi ne tsoho da kaya, samari suna tsaye suna kallo. Ka ajiye kwandonka ka ce, "Kai, wannan abin kunya ne a ƙasarmu." Ka nufi wurin. Da ka matsa kusa sai ka dakata, ka dubi gaban jirgin, ka ji inji yana aiki, ka zagaya ta baya.

A wutsiyar jirgin akwai ƙaramar farfela, daidai tsayin mutum. In tana juyawa ido ba ya ganinta, matuƙi kuma ba ya ganin wanda ya biyo ta nan. Muhammadu Sani ya ce ya yi ta ƙwala maka kira, shi ma ba don ya san da farfelar ba, tsoron iskar kawai ya ji, amma ƙara ta haɗiye muryarsa. Sauran ba zan rubuta ba, iyalinka za su karanta.

Ba ganganci ka yi ba, Kaumi. Dokar da ka yi rayuwa kana koya wa mutane ka bi.

Ranar sadakar uku dattijon nan ya zo da kansa. Ya zauna a tabarma. Da ya buɗe baki, a gaban jama'a, sai ya ce, "Ni ya nufa. Na hango shi kafin ya zagaya, yana nuna jakata yana yi mini alamar in ajiye. Ban san shi ba, bai san ni ba." Ya rufe fuska da rawaninsa. Na sa aka kai maganar cikin gida yadda ya faɗe ta. Aka ce Ummul-Khair ta yi sujada, sannan ta yi kukan da ta riƙe tun ranar Laraba.

Ina roƙon masu irin wannan fili, don girman Allah, su kewaye shi, su ajiye mutum, su je masallaci da majalisa su yi wa maƙwabta bayani da harshen da suke ji. Mu kuma mu faɗa wa juna: ba a matsawa sai farfela ta tsaya cak, in hula ta tashi a bar ta, bayan jirgin nan kuwa ko kusa kada a je. Jama'armu ba za su daina tarbar baƙo ba, ba ma kuma so su daina. Har jiya filin yana nan a buɗe, hanyar masu roro ta gefensa ta bi.

Da aka ɗauko makararka na kutsa cikin samari na sa kafaɗata. Safiyanu ya ce, "Baffa, bari mana, ga ciwon ƙafarka." Ban bari ba. Tun ranar da na sauka a garin nan kake ɗaukar mini kaya kana yi mini gorin rashin ƙarfi. Sau ɗaya tak ni na ɗauke ka, na kuma kai ka har inda za ka, kana shiru ba ka tsokane ni ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Fanne, da Safiyanu, da Ummul-Khair, da jikoki, da abokan aikinka na tasha, da jama'ar Dogo Tebo baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku. Allah ya jiƙan Kaumi, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ya Allah, yau shi ne baƙo a wurinKa. Ka tarbe shi da rahama, Ka sauke masa nauyinsa kamar yadda ya yi ta sauke wa bayinKa nasu. Amin.