Dutsen Taimamar Inna

Da aka cire wa Inna yanar ido, likita ya kafa mata doka: kada ruwa ya taɓa fuskarta sai ya ba da izini. Na ɗauko ta daga ƙauye zuwa gidana a cikin Daura, ina murna za ta huta da hayaƙin murhu. Ashe rigima na ɗauko.

Da azahar ta yi, ta ce a ba ta ƙasa ta yi taimama. Na waiga ko'ina, kunya ta kama ni. Tsakar gida siminti, ɗaki tayil, bango fenti. Mun kori ƙasa daga gidan nan kaf. Na fita waje na tsinto dutse, na wanke shi tas na kawo mata. Ta shinshina, ta ture.

"Ke 'yar nan, kin san karen da ya ɗaga ƙafa a kansa?"

Maigidana ya durƙusa ya yi mata bayani cewa kowane dutse mai tsarki ya wadatar. Inna ba ta musu da suruki. Ta yi taimamar, ta yi sallar, amma yana fita ta ce ita dai ji take kamar ba ta yi ba. Daga nan ta rufe baki. Na kai tuwo ya dawo, na kai fura ta dawo. Wai da wane ido za ta ci abincin Allah ba ta gaishe Shi ba? Tsohuwa ce mai ciwon suga, maganinta kuma sai da abinci. Na ji haushinta, na kuma ji tsoro ƙwarai.

Na san dutsen da take nufi, ko da ba ta faɗa ba. Baƙi ne, sumul, bai fi curin fura ba. A busasshen rafin garinsu ta tsince shi tana budurwa, ya biyo ta gidan aure. Da shi ta niƙa mana tozali muna jarirai, da shi muka fasa ƙwallon aduwa, kuma da shi mahaifinmu ya yi ta taimama a ciwonsa na ajali.

Washegari na shiga motar Zango, daga can na hau babur zuwa ƙauyenmu. Da na faɗi abin da ya kawo ni, matar yayana ta riƙe haɓa.

"Dutse kuma? Tun daga Daura? Can duwatsun sun ƙare ne?"

Muka duba ƙarƙashin gado, muka duba bayan rumbu, har murhu na tona. Babu. Ƙishirwa ce ta kai ni gindin randa, na sunkuya zan ɗebi ruwa, sai ga shi an tokare randar da shi don kada ta karkace. Ya jiƙe, gansakuka ta rufe gefensa.

Na zauna a ƙasa na kankare shi. Tun tasowata nake ganin dutsen nan, amma ban taɓa duba shi ba sai ranar. Ashe akwai wani farin zare da ya ratsa shi, akwai kuma ɗan loɓawa a gefe inda hannu ya cinye shi a hankali. Na daɗe ina juya shi, har matar yayana ta tambaya ko lafiya.

La'asar sakaliya na iso gida. Inna na kwance, fuskarta ga bango. Na sa mata dutsen a tafin hannu. Ta laluba, babban yatsanta ya faɗa cikin loɓawar nan. Ta kai shi hanci.

"Oh, ni! Aikin randa suka sa ka?"

Ta tashi zaune da kanta. Ta dafa shi da tafukanta, ta shafi fuska a hankali tana kauce wa idon, ta shafi hannuwa. Ta yi la'asar, sannan ta bi sallolin da take shakka ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa kamar mai jiran hukunci. Da ta sallame ta juyo.

"Wai gidan nan ba a dama kunu ne? Sai mutum ya mutu da yunwa a gidan 'yarsa?"

Na ruga kicin. Hawaye na zuba, kunun ya yi gudaji. Ta shanye kwanon tas, tana sha tana mita wai ban iya damu ba.