Sandar da Ta Sha Zaitun

Idan ka tambayi 'yan Najeriya mazauna Sanaiya, unguwar masana'antu ta Doha, wane ne Ɗalhatu, babu mai ce maka mai gadi ne, alhali shekara shida ya yi yana tsaron ƙofar wani sito na kujeru da gadaje cikin shuɗin yunifom. Ɗalhatu mai sanda za su ce. Mutumin Malumfashi ne, gajere, mai faɗin tafin hannu, ɗan masassaƙa gaba da baya. Gidansu turmi da taɓarya da ƙotar fartanya ake yi tun kaka da kakanni, shi kuwa ya ajiye gizago ya hau jirgi zuwa Doha don ya huta da ƙwanƙwasa. Hutun bai yi nisa ba.

Korona ce ta komar da shi gidan jiya. Da aka rufe unguwar, ba shiga ba fita, ƙarti suka rasa abin yi sai kwanciya da musu. Akwai wani tsohon teburin sinuka a masaukinsu, da sanduna biyu: ɗaya ta karye, ɗayar kuma ta lanƙwashe har sai ka auna gabas kafin ƙwallo ta tafi arewa. Ɗalhatu ya kalle ta kwana uku, haushi ya ishe shi. Ya zagaya bayan sito ya tsinto katakon da ake zubarwa, ya zauna da wuƙa da fasasshiyar kwalba yana kankara. Sandar farko ta fi kama da muciya, amma dai miƙaƙƙiya ce. Ta biyar kuwa sai da aka yi layi kafin a taɓa ta.

Bayan an buɗe gari labarinsa ya kai kunnen Malachi, wani dogon ɗan Kagoro mai gyaran injunan asibiti, mazaunin unguwar Ain Khaled. Malachi gwani ne a teburi, sai dai Allah ya jarrabce shi da gumin hannu. Kowace sanda ya ɗora a kan yatsunsa, sai ta riƙa cijewa. Shi ya sa ba ya rabuwa da gwangwanin hodar jarirai, 'yan tsokana kuma suka laƙaba masa Maijego. Tun Juma'ar da ya fara zuwa suka ƙulle da Ɗalhatu, wannan ya ce Likita, wancan ya ce Malam, kuma a cikinsu babu likitan babu malamin.

Miƙar da sanda bai taɓa ba Ɗalhatu wuya ba. Abin da zai shafa mata a ƙarshe shi ya hana shi sakat. Ya gwada banish, man ƙyallin da kafintoci ke shafa wa katako, ta yi ƙyalli mai ɗaukar ido, amma da laimar Doha ta haɗu da hannun Malachi sai ta koma kamar an shafa mata alewa. Ya kai wata wurin Baba Bawah, wani dattijo ɗan Kumasi mai feshin fenti a garejin da ke layinsu, aka fesa mata na mota, washegari ta wayi gari fari fat. Ya bar wata tsirara ba komai, cikin wata guda ta yi baƙi da dauɗa.

Ana cikin haka, saura 'yan makonni a fara gasar cin kofin duniya, kamfani ya tara masu gadi ya karanta musu takarda. Da an ɗaga kofi za a rufe sito, wanda bai sami sabon kafil ba, wato ubangidan da zai tsaya masa a takardun zama, sai gida. Ɗalhatu yana da mata da 'ya'ya uku a Malumfashi, kuma bai shirya komawa ba.

Malachi ne ya zo da dabara. Akwai gidan sinuka a unguwar Al Sadd inda yake buga wasa, teburi goma sha biyu, mai wurin wani Balarabe ne da ake kira Abu Nizar. Sandunan gidan duk sun lalace, yana neman mai kula da su.

"Na ce masa ina da mutum," in ji Malachi. "Ya ce kowa yana da mutum. Zai yi gasa ranar Juma'a, nan da sati shida. Ka yi sanda ɗaya in buga da ita a gabansa. In ta yi masa, khalas, shi ke nan, zai ɗauke ka."

"In ba ta yi masa ba fa, Likita?"

"Sai in raka ka filin jirgi, Malam, in riƙe maka jaka."

Akwai wani farin katako mai tauri da Ɗalhatu ya ɓoye ƙarƙashin gado shekara biyu, daga jikin wani gadon Turawa da ya karye a hanya. Guda ɗaya ne tak, bai sake ganin irinsa ba. Shi ya fito da shi. Ya auna hannun Malachi daga kafaɗa zuwa yatsa, ya auna riƙonsa, ya yi mako biyu yana kankara yana bi da sanfefa, yana mirgina ta a teburi don ya ga ko za ta yi tsalle. Da ta kammala ya ce masa, ko ya sami aikin ko bai samu ba, wannan tasa ce har abada.

Saura shafi. Ya ɗauki sandar ya nufi wani shagon fenti da wani tsoho ɗan Sudan ke tsaro. To, Larabcin Ɗalhatu kashi biyu ne: na makarantar allo, da na bakin ƙofa, wato yalla, wuce, da mamnu'u, an hana. Da hannu da ka ya yi bayanin matsalarsa. Tsohon ya shafa sandar, ya gyaɗa kai, ya ture gwangwanin banish gefe.

"La, la. Zait kattan," ya ce. "Shuwayya shuwayya."

Zait! Ɗalhatu ya ji kamar ya mari kansa. Ashe maganin yana cikin akwatinsa tun tuni. Wane Bahaushe ne zai zauna a ƙasar Larabawa ba shi da kwalbar zaitun kusa da ta habbatus sauda? Ciwon kai zaitun, kaikayi zaitun, mugun mafarki zaitun, to me zai hana sanda? Kattan ɗin nan kuwa ya ɗauka sunan kamfani ne, kuma shi ba ya biye wa sunan kamfani. Ya yi godiya ya juya. Tsohon yana ɗaga masa wani ƙaramin gwangwani yana kira, shi kuwa yana ɗaga masa hannu alamar sai an jima.

Kwana uku yana ɗirka wa sandar nan zaitun, da bisimilla, ba rowa. Shuwayya ɗin ma, wato kaɗan-kaɗan, ya bar wa mai shago abinsa. Katako ya sha ya ƙoshi, ya yi wani ja-ja mai kyau, Ɗalhatu har da ɗaukar hoto ya tura gida. Kwana huɗu ba ta bushe ba. Mako guda ba ta bushe ba. Ƙura ta manne mata, kiyashi suka gano hanya, ga wani tsami-tsami da ya fara tashi. Ranar ce ya ji tsoro na gaske, ya naɗe ta a tsumma ya ruga garejin Baba Bawah.

Dattijon ya sunsuna, ya kalli Ɗalhatu, ya sake sunsunawa. Sai ya zauna a kan taya ya yi dariya har da tari.

"Yaro na, sanda nan aljani ya kama shi ne, ka ke mishi rukiyya?" ya tambaya da Hausarsa ta Zongo, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. "Saura tumatir da albasa, mu ci shi da burodi."

"Baba, don Allah bar dariya. Aikina ne a jikinta."

Nan dariyar ta tsaya. Baba Bawah ya yi masa bayani dalla-dalla. A bakin Balarabe kowane mai zait ne, har baƙin man mota. Mai kuma iri biyu ne a wurin katako: akwai wanda ke shiga ya daskare ya zama jiki ɗaya da itace, akwai wanda zai shekara yana naso. Kattan wani tsiro ne, man irinsa shi ne mai daskarewa. Zaitun kuwa, albarkarsa ba ta kai nan ba.

Saura kwana goma sha tara. Ɗalhatu ya wanke sandar da tina, ruwan narkar da fenti, ya goge, ta sake tsatso mai, ya sake wankewa. Kwana biyar suna wannan kokawa, sannan ya bi ta da sanfefa mai laushi yana jin kamar fatarsa yake kankarewa, don kowane shafi ɗaya rage mata kauri yake. Ya koma wurin ɗan Sudan da kunya ya karɓo ƙaramin gwangwanin. Wannan karon ya ji shuwayya da kyau: ɗigo uku a tsumma, a murza daga gindi zuwa kai, a jira kaɗan, a goge tas kamar ba a shafa ba, a rataye ta a tsaye sai gobe war haka.

Gari kuwa ya rikice da ƙwallo. Tutoci ko'ina, baƙi sun cika jirgin ƙasa, Baba Bawah ya yi wa garejinsa fentin tutar Ghana. Ranar da Saudiyya ta doke Ajantina masaukin ya kusa tashi sama don ihu, Ɗalhatu yana ɗaki yana shafi na shida, sai da ya goge ya rataye sannan ya leƙo ya tambaya ko gobara ce. Da ya gama shafi na goma ya bar ta ta huta, sannan ya yanko guntun fata daga tsohon bel ɗinsa na yunifom ya dinga murza ta da ƙarfi har ta yi zafi, yadda ya ga ana yi wa ƙota a gidansu. Ba ta yi ƙyallin banish ba. Wani sheƙi ta yi mai sanyi, in ka ja ta a yatsa sai ta wuce sumul.

Ranar Juma'a bayan la'asar suka isa Al Sadd. Gidan ya cika, har da baƙin ƙwallo masu rigunan ƙasashensu. Malachi ya ɗora sandar a yatsunsa, ya ja ta gaba ya ja ta baya, sai ya juyo ya kalli Ɗalhatu. Ya mayar da gwangwanin hoda aljihu. Ya cinye wasan farko. Ya cinye na biyu, ya cinye na uku, hannunsa sharkaf da gumi, sanda kuwa ko a jikinta. Shekara goma sha biyar yana buga sinuka, bai taɓa kaiwa wasan kusa da na ƙarshe ba sai ranar.

A hutun da aka bayar Abu Nizar ya taso, wani mai tumbi da furfura, ya miƙa hannu. Ya mirgina sandar a teburi, ba ta yi tsalle ba. Ya ja ta a yatsunsa. Sai ya kai ta hanci, ya ɗaga gira.

"Zaitun?"

Ɗalhatu ya ga ƙarya ba za ta fisshe shi ba, ya faɗi gaskiya, Malachi yana fassarawa yana ƙara gishiri. Balaraben ya yi dariya har ya dafa teburi. Sannan ya goga alli, ya buga ƙwallo uku, duka suka faɗa rami. Ya daina dariya.

"Ranar Lahadi ka zo da takardunka," ya ce. "Amma wannan ta zama tawa, daga yanzu. Ba na mayar da ita."

Ɗalhatu ya buɗe baki zai ce tana da mai ita, kuma mai itan yana da wasa nan da minti biyar. Sai ya ji an take masa ƙafa da takalmi mai nauyi.

"Maigida, riƙe abarka," in ji Malachi. "Dama ta yi mini nauyi."

Ɗalhatu ya san ƙarya ce, don shi ya auna ta da hannun mutumin nan, kuma ya san babu sauran irin katakon. Ya ji daɗi ya ji ciwo a lokaci guda, har ya rasa inda zai sa idonsa.

"Likita..."

"Malam, rufe mini baki, kana hana ni tunani."

Malachi ya je jikin bango ya zaro sandar gida mai ƙyallin banish, ya fito da gwangwaninsa ya zazzaga hoda a hannu, 'yan kallo suna ta Maijego, Maijego. Aka yi masa ci biyar ba ko ɗaya. Ya ajiye sandar, ya karkaɗe hannu a wando, ya zo ya dafa kafaɗar Ɗalhatu yana tambaya ko yana da rigar kirki da zai sa ranar Lahadi.