Ƙwayoyin da Na Binne a Gindin Zogale

Tun ina budurwa a Roni nake ɓuya a bayan rumbun gero ina karanta littattafan soyayya, kuma ban taɓa cin karo da jarumar da numfashinta ke sarƙewa don ta duƙa ɗaukar tsintsiya ba. Ni kuwa bayan haihuwata ta uku a Kazaure, haka na koma. Ga ƙiba, ga ciwon sukari. Likita ya ba da shawarar a rage mini tumbi, mijina ya kai ni Masar aka yi aikin. Kunya ta hana mu faɗa wa kowa.

Burina bai wuce ɗaya ba: wata rana da la'asar mu taka a bakin dam ni da shi, ina riƙe da gefen rigarsa, ba haki, ba neman wurin zama.

An sallame ni da sharaɗin shan ƙwayoyin ƙarin jini da na bitamin kullum, iya tsawon raina, domin guntun tumbin da ya rage ba zai iya tatso wa jiki abin da yake buƙata ba. Loma uku ta tuwo sai in ƙoshi. Cikin shekara biyu sai da tela ya rage mini kayana sau uku.

Mai kitson unguwarmu ce ta fara lura. Tana tsefe ni, gashi yana bin matsefi.

"Maman yara, wannan gashin naki ina zai je ne?" Sai idonta ya sauka kan kwalbar maganin da ke gaban madubi. "Kullum kike sha?"

"Kullum."

"Har zuwa yaushe?"

"Har abada."

Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta wanke hannunta sau biyu da sabulu.

A wurinmu, mace ta rame kuma tana haɗiyar ƙwaya kullum, cuta ɗaya ake kawowa a rai, wadda ba a kiran sunanta. Bayan mako guda na shiga suna a maƙwabta, na sha ruwa a randa, ina gani matar gidan ta ɗauke moɗar ta tura ta bayan ɗaki. Farantin da na sa hannu, ni kaɗai aka bar wa.

Da na dawo na tona rami a gindin zogale na juye ƙwayoyin. Duk wata mijina ya sayo, duk wata in binne. Na riƙa gaya wa kaina ai zogalen da hanta sun isa.

Kafin shekara ta zagayo na fara jin kamar tururuwa na yawo a tafin ƙafata. Daga nan silifas ya riƙa suɓuce mini a hanya ban sani ba. Wata safiya ina dama koko, mijina ya fizgo ni daga bakin murhu.

"Ke! Ba ki ji ba? Garwashi kike takawa!"

Ƙaurin ne ya ji. Ni ban ji komai ba.

A Kano likita ya tambaya, "Hajiya, yaushe rabonki da maganin?"

"Kullum tana sha, ni nake sayowa," in ji mijina. Da ya juyo ya dube ni, sai na faɗi gaskiya, tun daga zancen moɗa har ramin gindin zogale.

Likitan ya ce jijiyoyin ne suka taɓu. Za a fara allurai. Wataƙila su farfaɗo, wataƙila ba duka ba. A mota, da duwatsun Kazaure suka bayyana, mijina ya tambaye ni.

"Yanzu saboda moɗa kika ba da ƙafafunki?"

Washegari da safe na kira mai kitso na ɗaga riga na nuna mata tabon aikin. Kafin azahar unguwa ta ji. Matar da ta ɗauke moɗa har da kawo mini fura, tana ta sannu. Na karɓa na gode, me zan ce mata?

Wata bakwai ke nan ina karɓar allura. Jiya na matsa masa ya kai ni dam ɗin. Taku goma na yi, ina riƙe da rigarsa da hannu biyu don kada in faɗi. Ya zaunar da ni. Na cire takalmi na ɗora tafin ƙafata a kan dutsen da rana ta yini tana gasawa, ina roƙon Allah a zuciyata ya sa ya ƙona ni, ko kaɗan ne.

"Taso mu tafi, magariba ta kusa," ya ce.

Na taɓa dutsen da hannu. Da sauran zafinsa.

"Don Allah, Baban yara, ɗan ƙara mini minti biyar."