Ɗan Sin da Katunansa a Tashar Dutse

A tashar Dutse, a ƙarshen bencin fasinjojin Taura, wani saurayi ɗan ƙasar Sin ne zaune. Siriri ne, ya ɗaure tabaransa da zare, takalmansa duk kwalta. A hannunsa akwai ƙananan katuna, gaba Turanci, baya rubutun garinsu. Sai ya ɗaga ɗaya, ya rufe ido, leɓe na motsi. Wanda ya sani ya tura aljihun dama, wanda ya kayar da shi na hagu. Na hagun ya fi kumbura.

"Malam, hadda ake?" in ji Yahuza direba, sannan ya juyo wurina, inda nake zaune ina jiran motarsa ta cika. "Hajiya, ɗalibi ne, yana koyon aiki wajen masu aikin titi. Wai in ya koma gida ya faɗi jarrabawar Turanci, babu takardar digiri."

Ina jin akwai wata uwa can da ta gama shaida wa maƙwabta ɗanta injiniya ne.

Na gaishe shi da Turancin sakandarena, wanda jikokina ke yi wa dariya. Shi bai yi ba. Ya tashi tsaye, ya miƙo mini katunan hagu da hannu biyu, kai a sunkuye, in karanta ya faɗi ma'ana. Shekara talatin rabon da wani ya nemi ilimin nan wurina. Allah ya saka masa da alheri.

"Hajiya, mota ta cika!"

"Ba wani kujerar, Yahuza. Saura kati goma sha ɗaya."