Motar da ta kore ni daga kujerar gaba

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara maigidana Alhaji ya sayi mota jif, tsohuwa, irin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano bayan Turawa sun gama more su. Ja ce, doguwa, sai na kama ƙofa na yi bisimilla kafin in hau. Shi fataucin gero da dawa yake yi tsakanin Ƙaura Namoda da kasuwar Shinkafi, ni kuma ina koyarwa a firamare.

Gidanmu babban gida ne: ga uwarsa, ga wansa da muke kira Yaya da iyalinsa, ga baƙin da ba sa yankewa. In na yi wa Alhaji sannu da zuwa, gidan duka ke ji. Saboda haka tafiyar da muke yi Zurmi gaida iyayena ita ce hirarmu. Ina kujerar gaba yana tuƙi, mu yi faɗa mu shirya, mu yi gulmar dangi son ranmu. Ina son kujerar nan, ba na jin kunyar faɗa.

Tuƙin Alhaji kuwa kamar an biyo shi. Ni ga ni gajera, ga tsoro. Da ya tunkari rami sai in danna ƙasan motar da ƙafa iya ƙarfina, kamar akwai birki a ɓangarena. Yakan yi dariya ya ce motarsa direba biyu gare ta.

Bayan damina ta farko motar ta fara iskanci. Muna cikin tafiya sai ta shaƙe, ta mutu murus. A bar ta ta huta, a murza makulli, ta tashi kamar ba ita ba. Bakanikenmu na Ƙaura, wanda duk rayuwarsa kafireta ya sani, wato abin da ke haɗa wa inji mai da iska, ya leƙa injin bai ga kafireta ba, sai ya fara canza abin da ya gane. Ya canza filogi. Ya canza famfon mai. Ya tsine wa 'yan bumburutu, ya ce sun haɗa fetur da kananzir, aka sauke tanki aka wanke. Motar ta gode, ta ci gaba da mutuwa.

Yaya ne ya gano cutar. Shi ke zama gaba duk ranar kasuwar Shinkafi, ya tuɓe takalmi ya naɗe ƙafafu a kan kujera, ya ajiye butarsa ta alwala a ƙasa, don ba ya wuce masallaci bai tsaya ba tun da aka fara Shari'a. Wata rana bayan la'asar ya tara mu a tsakar gida.

"Ni dai na lura da abu guda," in ji shi. "Tunda anka sawo motag ga, ba ta taɓa mutuwa ina ciki ba. Sai in Malama na gaba. Mi kunka gani?"

Gaskiya ce, kuma babu abin da ya fi gaskiya ciwo in ta fito daga bakin wanda ba ka so.

Lokacin kuwa garin ya ɗauki zafi. An ware wa mata motocin haya, 'yan kabu-kabun babur sun daina ɗaukar mu, kowa na neman ya fi maƙwabcinsa tsoron Allah. Babu dokar da ta hana mace zama kusa da mijinta a motarsa, malamin unguwarmu ma ya faɗa. Amma labari ya riga malam isa kasuwa: jif ɗin Alhaji ta karɓi Shari'a, ba ta tafiya da mace a gaba. Wasu na faɗa da dariya, wasu suna kaɗa kai suna cewa ikon Allah. Malaman makarantarmu suka sa mini suna mai kashe mota.

"Malama, ki yi haƙuri ki koma baya, har a gano matsalar," in ji Alhaji, yana kallon ƙasa.

Na koma baya. La'ananniyar mota ta daina mutuwa. Tun daga Ƙaura har Zurmi ƙeyarsa nake kallo, injin na ruri, in na yi magana sai ya ce "mi kinka ce?" har na gaji na yi shiru. Na ji haushinsa, na ji haushin Yaya, amma motar na fi tsana, don ita ta ba da shaida.

Asiri ya tonu ranar da muka je ta'aziyya Jangeru. Yaya na gaba da butarsa, ni da matarsa muna baya. A hanyar dawowa garken shanu ya faɗo titi ba sallama. Alhaji ya taka birki, Yaya ya yi salati ya sauko da ƙafafunsa biyu ya doka ƙasan motar. Nan take ta mutu, kuma wannan karon ta ƙi tashi.

Na leƙo ta tsakanin kujeru na ce, "Yaya, ko akwai macen da ta shigo gaba ban gani ba?"

Matarsa ta toshe baki da mayafi.

Wata motar hatsi ta ja mu zuwa Shinkafi, wajen wani mai gyaran wayoyin mota. Ya duba bai ga wuta a filogi ba, ya bi waya har ta shige ƙarƙashin kafet, daidai inda mai zama gaba ke sa ƙafa. Da ya ɗaga kafet ɗin sai warin ruma ya buge mu. Ga wani ɗan akwatin ƙarfe a kwance, bakin wayoyinsa duk ya yi kore.

"Wagga ita ce ƙwaƙwalwar mota, birenbos," in ji shi. "Ita ka ba inji umurnin mai da wuta. Ruwa ya cinye ta, shi ya sa in an taka wurin sai ta ɗauke. Wa ka zuba ruwa nan?"

Duk muka kalli butar. Tana nan a gefe, ta kife kamar yadda ta saba kifewa a kowane rami na hanyar Shinkafi.

"Ruwan alwala ba ya ɓata abu," in ji Yaya. Ya ɗauki butarsa ya tafi neman masallaci.

Samun wata ƙwaƙwalwar ya ɗauki lokaci, don sai mai lamba irin ta tsohuwar. Wadda aka fara kawowa daga Gusau ta tashi motar, amma tana hayaƙi kamar ana toya ƙosai, tana shan mai kamar rijiya. Sai daga Kano aka samo daidai ita. Mai gyaran ya ɗaure ta can sama inda ƙafa ba ta kaiwa. Motar ta warke sarai.

Na zaci shi ke nan. Ashe ƙwaƙwalwar mota ta fi ta mutane saurin canzuwa. Ranar da za mu Zurmi na nufi ƙofar gaba, sai ga surukata a zaure, ga Yaya, ga maƙwabta a bakin titi, kowa ya zuba ido. An riga an saba ganina a baya, har ana ba wasu mata misali da ni. Alhaji ya buɗe mini ƙofar baya. Na shiga, hawaye na cin idona.

Muna wuce gidajen ƙarshe na Ƙaura sai ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ya fita ya buɗe bonet, ya tsaya yana kallon injin da bai san komai a cikinsa ba.

"Ta kuma mutuwa?" na tambaya.

"Ta mutu," ya ce. "Taho gaba mu gani ko ta tashi."

Haka muka riƙa yi har ya bar duniya. Motar takan mutu bayan Ƙaura, ta sake mutuwa kafin Zurmi in koma baya. Direbobin hanya suka shaida cewa jif ɗin Alhaji ba ta jin gyara, har da ya so sayar da ita aka rasa mai tayawa. Mutumin da ba ya son a kushe ko buhun geronsa, ya bari ana yi wa motarsa dariya a tasha, bai taɓa gaya wa kowa lafiyarta ƙalau ba.