Sunan da Zaituna ta kasa kira

Shekara biyar ina tuƙa Zaituna matar Kamil a cikin Riyad, lokacin ba a bar mata sun riƙe sitiyari ba, kuma har na bar aikin ban gama gane matar nan ba. Sunana Basiru, direba ne ni, kuma direba ko bai so ba sai ya ji labarin gidan mutane. Ni kuwa ina so.

A unguwar Shumaisi ta Riyad aka haife ta, iyayenta 'yan Katsina. Larabcinta ya fi Hausarta gudu. In ranta ya ɓaci da Larabci take faɗa, in za ta roƙi abu a wajen miji sai ta koma Hausa. Aikinta na farko tallar abaya ne. Wata mai shago a kasuwar Batha ke sa mata kaya ta ɗauke ta hoto daga wuya zuwa ƙasa, a watsa a waya. Mata dubbai sun san kafaɗun Zaituna, ba wadda ta san hancinta. Na taɓa tambayarta ko abin ba ya damunta, ta ce ai abaya ake sayarwa.

Daga nan wani mai shirya wasan talabijin na azumi ya ɗauke ta. Na ɗauka ta haye, ashe 'yar aikin gida aka ba ta. Azumi uku a jere tana shigowa da tire, ta ce "Hadir, Madam," wato "To, uwar ɗakina," ta fita. Amma a wannan 'yar fitar takan yi wa uwar ɗakin wani kallo ta gefen ido, wanda duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin wani ya san shi. Mutanenmu na Batha har tafi suke in ta yi shi.

A shekarar 2017 wata ƙaramar tasha ta buɗe shirin Hausa na hira da mazauna ƙasar, kai tsaye, ranar Juma'a da la'asar. Aka ce za a gwada ta mako uku, in ta yi a ba ta kujerar. Abin da take nema ke nan tun farko, ta zauna da fuskarta da sunanta ta yi tambaya. Mako biyu suka wuce lafiya, har dangin mijinta a Maraɗi suna taruwa a kan waya ɗaya suna kallo.

A mako na uku, muna hanyar tashar, ta buɗe takardar baƙon ranar sai ta ƙura mata ido. Wani tsohon mai sayar da turare ne a Batha, sunansa Alhaji Buraima. Sunansa ɗaya ke nan da surukinta, mahaifin Kamil da ke Maraɗi. Mu kuwa a wajenmu mace ba ta kiran sunan surukinta, ko da a jikin wani ta same shi.

"Hajiya, ai aiki ne," na ce. "Kowa zai fahimta."

"Na sani, Malam Basiru."

Ta madubi ina kallonta tana gwadawa. Leɓenta su haɗu, su rabu, ba abin da ke fita. Abin ya ɗaure min kai. Macen da ta tashi a Riyad, wadda ƙirga ma da Larabci take yi, ina ta samo wannan kunyar?

Daraktan shirin Bamisire ne, dokarsa ɗaya ce: mai gabatarwa ta buɗe da cikakken sunan baƙo. Ina tsaye bayan kyamara aka kunna fitila. Zaituna ta yi sallama, ta ce, "Baƙonmu na yau mai sunan Baba ne. Baba, ka faɗa wa masu kallo sunanka da bakinka."

Aka fassara wa darakta, ya ɗaga hannu sama. Tsohon kuwa ya daɗe yana kallonta.

"Ɗiyata, sunan surukinki ne?"

Ta sunkuyar da kai.

"Shekara talatin da ɗaya ina garin nan," in ji shi. "Yaran da na haifa suna kirana da sunana gatsal daga tsallaken titi. Yau ne aka fara jin nauyinsa." Sannan ya faɗi sunan. Ni ban taɓa ganin hira mai daɗin wannan ba, tsohon ya zazzage cikinsa kamar a zaurensa yake.

Darakta bai ga haka ba. Ya ce gobe in baƙo minista ne fa, shi ma haka za ta yi masa? Ya ba wata mace kujerar.

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san shekarun da ta yi tana jira. Muna hanyar komawa Shumaisi na kasa haƙuri.

"Hajiya, kalma ɗaya fa. Shi kansa Alhajin na Maraɗi da ya yafe miki."

Ta share ido da gefen mayafi, ta ce, "Zai yafe mana. Amma gobe da safe in Kamil ya miƙo min waya Baba na kan layi, da wane baki zan gaishe shi?"

Na ci gaba da tuƙi.